Ciyawar Legas: a duba inda gishirin ke sauka

Tun da Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar hana kiwon sake a 2021, masu dabbobi a Agege suka ƙara dogara da harawa da dusa da ake yo wa lodi daga Arewa. Shi ya sa wasu ke hangen filayen Epe da Badagry domin noman ciyawa. Matsalar ita ce zartsi, wato gishirin da ke cikin ƙasa.

Shuka na da dabaru uku na jure gishiri, kowacce da ƙwayar gado (gene) mai sarrafa ta. Da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ya kutsa saiwa, sai kalsiyam ya ƙaru a ciki, wani furotin mai suna SOS3 ya ji, ya tayar da SOS2, shi kuma ya kunna SOS1, famfon da ke tura sodiyam waje. Wani furotin, HKT1, na tsame wanda ya zille cikin jijiyar ruwa kafin ya kai ganye. Na ukun, NHX1, kuwa rumbu yake yi masa, ya kulle shi a cikin ganyen.

A nan, wajen dogara da rumbun, nake ganin ake kuskure. Ga mai alkama, a kulle gishiri a rumbun ganye ba komai, hatsi yake so. Mai kiwo fa? Ganyen shi ne abincin. Ciyawar da ta cika rumbu takan yi kore shar, amma bijimi ya rage ci, ya yi ta shan ruwa, ƙiba ta tsaya. Don haka masu bincike, har da na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, su fifita iri mai tare gishiri tun daga saiwa. Hanyar ta taɓa ci: a Ostireliya, a 2012, wani nau'in HKT1 ya ƙara amfanin alkama da kusan kashi 25 cikin 100 a ƙasa mai gishiri. Sai dai alfalfa, wata ciyawar da ake noma wa dabbobi, na ɗauke da kwafi huɗu na kowace ƙwayar gado, gyaranta ba aikin damina ɗaya ba ne.

Kafin nan, a kai ƙasa a auna. Alfalfa na fara raguwa daga 2 dS/m (ma'aunin gishirin ƙasa), kowane ƙarin ɗaya ya ci kusan kashi 7.3. Kiri-kirin da muke takawa a bakin hanya kuwa yana jurewa har 6.9, domin yana fitar da gishirin ta ganye. A filin da ya nuna 6, mai alfalfa ya yi asarar wajen kashi 29, mai kiri-kiri ko gezau. A yi awon da rani, lokacin da farin ɓawo ke fitowa a kan kunya. Na damina yaudara ne, ruwan sama ya wanke saman.