Safar da ta ci mini saitin fulogi uku

Kun dai san farar Peugeot 205 Rallye ɗin nan tawa da na saya a hannun mutumin Gaundare, mai kafireta biyu ƙirar Weber, wato masu haɗa wa inji fetur da iska, ƙarfin doki 103 a takarda. Tun shigowar hunturu ta ɗauko wani hali. In na taka totur da ƙarfi sai ta yi jim kamar wadda aka tuna wa bashi, ta yi tari biyu, sannan ta tuna ita mota ce. Na kwance fulogi, wato buji inji makanikan Garwa, duka huɗun baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma a bushe. Da a jiƙe suke da baƙin mai sai in ce ringin fistin ne ya ci, da fari fat ne sai in ce fetur ya yi mata kaɗan. Busasshen baƙi kuwa, fetur ne ya fi ƙarfin iska. Ni ne fa mai koya wa mutane wannan karatun a majalisa.

Na sa sabon saiti, kwana tara suka koma gidan jiya. Na bar shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, na koma gidan mai, aljihu na kuka. An wanke jet ɗin kafireta, an duba fulot ɗinta, an canza robar famfon da ke tsarta fetur in an taka totur, an tabbatar cok ba ya maƙalewa. Saiti na uku ke ciki ranar kai amaryar ƙanina.

Gwaggon amarya aka sa mini a gaba, tsofaffi biyu a baya da kwanon cincin. Muna dosar Rumde Ajiya na ga titi ya buɗe, shaiɗan ya ce nuna musu. Na fita daga layi, na sauke giya, na take totur har ƙasa. Shiru. Sai ɓut, sai ɓut-ɓut, sai baƙin hayaƙi, ta mutu murus a tsakiyar titi. Motocin biki suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa na leƙowa, 'yan matan amarya na ɗauka a waya. Har yaro mai tura kurar ruwa ya wuce ni, ya waiwayo ya ce sannu. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, in turi ne ka faɗa da wuri, ni ciwon gwiwa gare ni." Ta baya kuma ta tambaya ko a miƙo mini cincin.

Kuma a gaban wa? Malam mai goro. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba, amma wata biyu kullum na wuce sai ya ce, "Alhaji, motar nan taka mura take yi, ba ta numfashi." Shi ne dai wanda ya riƙe mini canjin sefa 200 tun azumin bara, in na yi magana ya ce ai goron nasa mai tsada ne. Ranar ko tasowa bai yi ba, yana zaune yana yayyafa wa goronsa ruwa yana gyaɗa kai, wai "na faɗa".

Aka turo ta gareji. Maigidan yana ta lissafin sauke kafireta gaba ɗaya, sai ƙaramin yaronsa, wanda aikinsa miƙo sifana, ya zura hannu bakin bututun shan iska ya zaro wata aba doguwa, ta sandare da ƙura kamar kilishi. Safa ce. Tawa. Ni na ɗaura ta da kaina da ƙyauron roba farkon hazo, wai dabarar tace ƙura, na manta. Maigidan ya ɗaga ta sama da ɗan yatsa biyu don kowa ya gani ya ce, "Alhaji, ta dama ce ko ta hagu?" Murzawa ɗaya mota ta tashi tana gurnani.

Uwargida tun watan Nuwamba take faɗa da mai wanki a kan safar nan, har ta canza shi. Ban dai gaya mata ba tukuna. Motar kuma har yanzu tana ɗan jim a giya ta biyu, an ce kafiretocin ne ba su daidaita da juna ba, sai bayan Sallah.