Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Nasiha Ga Masu Cewa "Mu 'Yan Gen Z Ne"

Ƙannena maza da mata, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta.

Bayan ƙaramar Sallah yayata ta aiko a kira ni a kan ɗanta. Shekararsa 19, ya yi wata bakwai yana koyon gyaran waya a wani shago a kasuwa, sai kwatsam ya daina zuwa. Na tarar da shi a zaure yana kwance kan tabarma, waya a hannu. Na ce me ya faru? Ya ce garin ciro gilashin wayar wani mutum zafin injin ya yi yawa, gilashin ya ƙone, maigidan ya rufe shi da faɗa a gaban jama'a har da ce masa sakarai. Na ce to, ka yi ɓarna an yi maka faɗa, shi ne za ka bar sana'a? Sai ya tashi zaune ya ce, "Kawu, ba za ka gane ba. Mu 'yan Gen Z ba ma ɗaukar raini. Ku ne kuka yarda aka riƙa taka ku."

Ban ji haushin cewa an taka mu ba, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kalmar "mu" ce ta tsaya mini a rai. Yaro bai ce ni na ji zafi ba, bai ce ni na yi kuskure ba. Ya tattara halinsa ɗungurungum ya rataya a wuyan wata ƙungiya wadda ba ta da shugaba, ba ta san da zamansa ba, kuma ranar da ya rasa abin sawa a bakin salati ba za ta aiko masa da ko tiya ɗaya ta masara ba.

Ko kun taɓa tambayar daga ina sunaye irin su Gen Z suka fito? Daga Amurka suke, kuma labarin Amurka suke bayarwa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 sojojinsu suka koma gida, arziki ya bunƙasa, aka yi ta aure ana haihuwa. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi jarirai kimanin miliyan 76, su ne ake kira Baby Boomers, wato 'ya'yan lokacin da haihuwa ta yi ambaliya. Na bayansu, daga 1965 zuwa 1980, aka ce Gen X. Daga 1981 zuwa 1996 aka ce Millennials, sunan da wasu marubuta biyu, William Strauss da Neil Howe, suka raɗa. Ita kuwa Z ɗin da kuke tinƙaho da ita, wadda aka liƙa wa waɗanda aka haifa bayan 1996, ba ta ɗauke da wata ma'ana. An yi X, an kira na bayansu, wato Millennials ɗin, Y, sai Z ta biyo baya kamar yadda baƙaƙen boko suke a jere.

Cibiyar bincike ta Pew da ke birnin Washington ce ta fi yaɗa wannan rabo, kuma ta faɗi dalilinta na shata iyaka a 1996. Akasarin waɗanda aka haifa kafin nan sun yi wayon tuna harin 11 ga Satumba na 2001, kuma sun shiga neman aiki daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008. Tsakani da Allah, me ya haɗa wannan ma'auni da yaron da aka haifa a Gumel ko Tasawa? Mahaifina a wannan lissafi Baby Boomer ne. Abin da ya tashi ya gani shi ne haraji da jangali da 'yan doka, har zuwa 1979 da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin.

Su kansu masu zanen ma bai rufe musu katara ba. A 2015 Pew ta tambayi Amurkawa ko suna ɗaukar kansu cikin rukunin da aka sa su. A cikin Baby Boomers, kashi 79 cikin 100 suka ce e. A cikin Gen X, kashi 58. Da aka zo kan Millennials sai kashi 40 kacal, kuma kashi 33 nasu suka ce su a ganinsu 'yan Gen X ne. Ni dai na fahimci dalili. Sunan Boomers ya tsaya a kan abin da ya faru da gaske, kowa ya ga azuzuwa sun cika sun batse. Sauran sunayen kuwa an fara yanka su ne, daga baya aka shiga neman halin da za a liƙa musu.

Masana da yawa sun daɗe suna ƙorafi. A 2021 wani malamin ilimin zamantakewa a Jami'ar Maryland, Philip Cohen, ya jagoranci takwarorinsa suka rubuta wa Pew wasiƙa cewa ta daina amfani da waɗannan sunaye, don ba su da tushe a kimiyya. A 2023 ita Pew ɗin ta fito ta ce za ta riƙa taka tsantsan, ba za ta danganta wani hali ga wani zamani ba sai tana da bayanan da za ta kwatanta mutane a lokacin da suke da shekaru iri ɗaya. A nan gizo ke saƙa, kuma ina so ku riƙe wannan: ƙuruciya daban, zamani daban. In ka ga ɗan shekara 20 yana da zafin kai, ɗan shekara 60 yana da sanyi, ba ka gano halin wani zamani ba tukuna. Sai ka koma ka duba yadda shi ɗan sittin ɗin yake lokacin da yake ɗan ashirin.

Mu duba namu. Waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 suka tunkari mulkin En'e ido da ido, matasa ne. Malam Aminu Kano a lokacin shekararsa 30. Ɗaliban da suka fito zanga-zangar "Ali Must Go" a 1978 a kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, har aka rasa rayuka a Zariya, su ne dattawan da kuke gani yau da farin gemu a sahun gaba. Ƙin yarda da raini ba a kanku aka fara ba, kuma ba shekarar haihuwa ce ta kawo shi ba. Banbancin kawai shi ne, su sun san abin da suke ƙi da abin da suke nema a madadinsa.

Mu fa Hausawa muna da namu lissafin, kuma ya fi wannan kama ƙasa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san shekarar haihuwar kowa da lamba ba, amma ba ta taɓa ɓata ba. In ka tambaye ta sai ta lumshe ido ta ce wane an haife shi shekarar da aka kashe Sardauna, wance tana goye aka yi canjin hannu, wane yana rarrafe aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ni kuma shekarar da Buhari ya canja kuɗi. In ka lissafa za ka ga 1966, 1972, 1975 da 1984. Akwai 'yan UPE da aka kwasa aka zuba a firamare a 1976. Akwai waɗanda suka yi wayo cikin ƙuncin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, daga 1986. Akwai mu da muka ga zuwan wayar salula a 2001 muna samari, muna bin layi a ƙarƙashin lema don mu yi kiran minti ɗaya. Wannan shi ne zamani na gaskiya, abin da ya faɗo wa mutane tare ya bar musu tabo iri ɗaya.

Sannan muna da tsara, muna da sa'a. Tsararka shi ne wanda aka yi muku kaciya a hunturu ɗaya, kuka zauna gindin malami ɗaya da allo, kuka yi gayya a gona ɗaya. Ka san sunansa, ya san gidanku. In ka karkace shi zai ja ka gefe ya faɗa maka abin da babba zai ji nauyin faɗa. Shi zai yi maka abokin ango, kuma in ta Allah ta kasance yana cikin masu ɗaukar makara. Wannan "mu" ɗin tana ɗora maka nauyi. Ita kuwa waccan ta intanet sauke maka nauyi take yi, shi ya sa take da daɗin faɗa.

Ku ɗauki mutum uku da aka haifa a 2004. Ɗaya ya tashi a birni, ya shiga jami'a, yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye masa wata takwas. Ɗaya an haife shi a Bama, yana ɗan shekara 10 suka gudo Maiduguri a 2014, ya girma a sansanin gudun hijira. Ta ukun tana wani ƙauye a Zamfara da 'ya'ya biyu, gonar mijinta ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga. A takarda dukkansu Gen Z ne. To wanne daga cikinsu ake nufi in aka ce Gen Z ba sa son aikin wahala, ko Gen Z ba sa rabuwa da TikTok? In kun lura, duk lokacin da muka furta sunan nan, mai wayar hannu da data muke nufi. Miliyoyin tsararrakinku da ba su taɓa shiga aji ba mun share su daga lissafi ba tare da mun ankara ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya yi wa sunan riƙon sakainar kashi.

Addininmu ma ya san zamani, amma ku dubi ma'auninsa. Sahabi shi ne wanda ya haɗu da Manzon Allah (SAW) yana mai imani ya kuma mutu a kan haka. Tabi'i shi ne wanda ya haɗu da sahabi. Ba a duba shekarar haihuwa, ana duba wa ka riska, a gaban wa ka durƙusa ka ɗauki ilimi. Sayyidina Umar yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas yana matashi a majalisa ɗaya da dattawan Badar saboda fahimtarsa. Usama ɗan Zaid yana saurayi aka ba shi jagorancin rundunar da ke da manyan sahabbai a cikinta. Babu wanda aka ɗaga ko aka ƙasƙanta don rukunin shekarunsa.

Ba ina cewa ba ku da abin da ya haɗa ku ba ne. Kun buɗe ido da waya a hannu, kuna jin labarin duniya kafin a gama sanar da shi a rediyo, kuma kuna tambayar "don me?" a wuraren da mu muka yi shiru. Wannan alheri ne, ina yaba muku. Mun ga matasan Kenya a watan Yunin 2024, waɗanda duniya ta kira Gen Z, sun matsa har Shugaba William Ruto ya janye dokar ƙarin haraji. Amma abin da ya tara su doka ce guda da suka karanta sashe-sashe, suka fassara ta zuwa harsunansu, suka biya da jininsu. Sunan daga baya ya bi aikin. Mai kwance a zaure da ya bar shagon koyon sana'a ba shi da rabo a wannan yabo don kawai shekarunsu sun zo ɗaya.

Ku kuma tsararrakina da iyayenmu, ban manta da ku ba. "Yaran yanzu" da muke faɗa dare da rana ita ma tambari ce, ba ta da maraba da Gen Z sai dai ita ta gida ce. Yaran yanzu ba kunya, yaran yanzu ragwaye ne, yaran yanzu ba sa gaisuwa. Wa ya haife su? Wa ya miƙa musu wayar don su bar shi ya huta? Yaron da ya gama karatu ya tarar an cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya ninka, jari ya gagara, ka kuma bi shi da kuɗin goro, me kake tsammani in ban da ya nemi inda za a ce masa shi wani ne? Hadisin da muke yawan jawo musu rabinsa muke karantawa. Cewa ya yi ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu, ba ya kuma girmama babbanmu. Jin ƙan ƙarami aka fara ambata.

Don haka ban ce wa ɗan yayata maigidansa ya yi daidai ba. Na ce masa zagi a gaban jama'a kuskure ne, kuma yana da haƙƙin ya faɗa, amma da bakinsa, da sunansa, bayan ya ɗauki nauyin ɓarnarsa. Washegari da hantsi muka tafi shagon tare. Muka jira har mutane suka ragu. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi shiru na ɗan lokaci yana murza hularsa, sannan ya ce, "Maigida, ni na ƙona gilashin nan, a riƙa cira daga abin da ake ba ni har in biya. Amma don Allah in na yi laifi a kira ni ciki a yi mini faɗa."

Maigidan ya ajiye abin da ke hannunsa ya daɗe yana kallonsa. Ya ce shi ma a gaban mutane aka riƙa zaginsa lokacin da yake koyo, har ya ɗauka haka ake koyar da sana'a. Ya ce ya ji, rabin kuɗin ya yafe. Ya tura masa kujera da ƙafa, ya miƙa masa wata waya da aka kawo tun safe ba ta caji, ya ce ya buɗe ya gaya masa abin da ya gani.