Rufin gidanka: fara dubawa daga ƙasa

'Yan'uwa masu gida, da ku samarin da ake cewa "kai ne mai ƙarfi, hau ka duba mana", ku sani yawancin ciwon rufi ana gano shi ƙafa na ƙasa. Hawa shi ne matakin ƙarshe, sau da yawa ma ba a kai gare shi.

Lokacin dubawa shi ne bazara, kafin guguwar farkon damina, sai kuma bayan kowace iska mai ƙarfi. Ka ja baya daga gidan, ka jawo hoton rufin da kyamarar waya. Abin nema: kwanon da bakinsa ya ɗaga, kusar da ta fito da kai, jan tsatsa, da doron da ya lotsa. Inda ido bai kai ba, ka ɗaure wayar a busasshiyar gora, ka kunna bidiyo ka ɗaga, amma nesa da wayar wuta.

Daga nan sai cikin silin, da rana, da tocila. Ka kashe ta na ɗan lokaci, duk hudar da ke jikin kwano za ta nuna kanta da ɗigon haske. Ka tsokani katako da sukundireba. In ta shige ba gardama, gara ko ruɓa ta gama da shi. Katako mai kauri kaɗai ake takawa, allon silin ba ya ɗaukar mutum. Kuma inda tabo ya fito a ɗaki ba lallai nan hudar take ba, ruwa kan bi katako ya gangara kafin ya ɗiga, don haka ka bi sawunsa zuwa sama.

Masu soro, naku aikin indararo ne. In ganye ko leda ta toshe shi, ruwa zai kwanta, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azarar da gara ta ci kuwa ba za ta yi gargaɗi ba. Ciyawar da ta tsiro a sama da tsagewar yaɓe a gindin rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, duk ƙofar ruwa ce. Kada a hau soro yana jiƙe.

In dole sai tsani, ga ƙa'ida: duk tsawon mita 4, gindinsa ya nisanci bango da mita 1, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar mita 1. Ƙasa ta zama daidai, ban da ɗora shi kan bulo ko durom. Wani ya riƙe maka, kayan aiki su zauna a jaka, hannuwanka na kan tsani. Ka bar silifas a ƙasa. Ka jira raɓa ta bushe, ka sauko kafin kwano ya ɗau zafi, in hadari ya haɗo kuwa a fasa.

Daga kan tsanin ma kana ganin abin da kake nema. Kusa a kan tudun kwano take zama. Wadda aka buga a kwarinsa, inda ruwa ke gudu, yoyo za ta yi ko da sabuwa ce. Tsohon rufin asbestos, wato falle-fallen rufi masu kama da siminti, ba a taka shi, fashewa yake yi ba shiri, ƙurarsa kuma illa ce ga huhu. Shi, da rufin bene, da mai gangara sosai, kada ka hau su, ka ɗauki hotunan ka kai wa kafinta, ku yi ciniki a kan abin da kuka gani tare.