Kafin a Ɗaure Ƙafar Likita, a Tambaye Shi Yadda Ya Kwana

Ƙudurin da ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kai gaban Majalisar Wakilai, wanda ya tsallake karatu na biyu a watan Afrilun 2023, ya ɓata mini rai ƙwarai. Wai sai likita ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi, don kada ya tsere Ingila ko Saudiyya. Masu goyon bayansa na cewa da kuɗin talaka aka koyar da likitocin, saboda haka butulci ne su tafi. Wanda duk ya leƙa asibiti a lokacin korona ba zai iya furta kalmar butulci a kan waɗannan mutane ba.

Mu tuna azumin 2020 a Kano. Masu haƙar kabari sun gaji, sanarwar rasuwa sai bin juna take yi, gari yana kulle. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Mu da ke gida labari muke ji. Nas-nas, likitoci, masu gwajin jini da masu shara kuwa a gabansu ake cikawa. Watanni uku kafin nan, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata. Da wannan makokin abokan aikinsu suka shiga annoba. Zuwa farkon Yuni, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu a faɗin ƙasar.

Ƙanwata nas ce. A watannin nan, in ta dawo daga dutin dare, a bakin ƙofa take cire kayanta ta jiƙa a bokiti, ta yi wanka, sannan ta shige ɗakin da ta keɓe wa kanta. Ɗanta mai shekara uku yakan tsaya a bakin labule yana miƙo hannu, ita kuma ta ce, "Je ka wurin Hajiya." Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar ruwa a gidan. Har yau in ta ji ƙarar motar asibiti cikin dare barci ya ƙare ke nan. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita a wurin aiki ya ce, "Sista, yaya zuciyarki?" Abin da take ji kullum shi ne, "Ku yi haƙuri, aikin lada ne."

Lada na wurin Allah, ba mu ja ba. Amma gwamnati ba ta da hurumin fakewa da shi. Lokacin da annobar ta shigo, alawus ɗin haɗari naira dubu biyar ne a wata. Sai da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta shiga yajin aiki a Yunin 2020 kan kayan kariya da wannan alawus. An ƙara kuɗin a ƙarshen 2021, kuma tun daga nan jami'ai ke magana kamar an biya bashi. Alawus yana sayen shinkafa, ba ya mayar wa mutum barcinsa.

Mu ma jama'a muna da namu laifin. A wurinmu, in an ce lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kware ke faɗo wa mutum a rai. Likitan da ya ce ya kasa, gobe sai a fara raɗa cewa ya taɓu, majinyata su guje shi. Shi ya sa suke haɗiye abin. Wani ya koma yawan faɗa da 'yan jinya, wata ta riƙa kuka a banɗaki ta wanke fuska ta dawo bakin gado. Mu kuma mu ce ma'aikatan asibiti ba su da tausayi.

A Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ga inda majalisa za ta nuna ƙwazo in da gaske take. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, don haka ba cewa nake a ba kowane asibiti nasa ba. A samar da mai sauraron ma'aikata cikin sirri, a ƙayyade sa'o'in duti, wanda ya fito daga cibiyar killacewa a ba shi hutu na gaske, iyalan wanda ya rasu a bakin aiki kuma a biya su ba tare da yawon ofis-ofis ba.

A 2023 mashaƙo ya yi ta cin yara a Kano, kuma ma'aikatan da suka yi aikin korona ne dai suka tsaya a kansu, sai dai sun ragu, dutin waɗanda suka tafi ya dawo wuyansu.