Shanun Tondibi

TICHA: Wata huɗu da ɗoriya suna keta Sahara. Sojojin Maroko wajen dubu huɗu, raƙuma sun fi mutanen yawa, ga albarushi, ga salkunan ruwa. A ƙarshen 1590 suka taso daga Marrakesh, ba su ga bakin kogin Neja ba sai...

MAI SHAYI: Ticha, kofi na uku ke nan fa, ban da na watan jiya.

TICHA: Na ce maka albashi yana hanya.

MAI SHAYI: Shi ma ta Saharar ya biyo?

Kowa ya dara ban da Jauro, wanda hankalinsa ke kan bijimin da ya ɗaure a jikin falwayar fitilar titi kafin gobe kasuwa. (Tun da aka kafa falwayar nan ba ta taɓa kawo haske ba, amma in ana batun turke, babu kamarta a unguwar.)

MODU: Rabu da shi, Ticha. Me ya haɗa su faɗan?

TICHA: Gishirin Tagaza da zinariya. Sarkin Maroko, Ahmad Almansur, ya aiko wa Askiya Ishaƙa na biyu, Sarkin Songhai, cewa a riƙa biyan sa haraji a kan gishirin. Askiya ya mayar masa da amsa: masu da takalman ƙarfe. Wato saka ka taho, kafin ka iso sun suɗe.

MAI TSIRE: Kai! Namiji.

TICHA: Shi kuwa ya turo Judar Basha, wani bawansa haifaffen Sifen, da bindigogi masu lagwani da ƴan igwa. A watan Maris na 1591 aka haɗu a Tondibi, arewa da Gawo. Rundunar Askiya ta ninka tasu sau da yawa, barade da dakaru, amma mashi ne da takobi da kwari da baka. Sai suka yi dabara. Suka tara shanu wajen dubu a gaba, suka koro su kan Marokawa...

JAURO: Shanu?

TICHA: Shanu.

JAURO: Shanun wa?

TICHA: Jauro, tarihi bai kawo sunan mai su ba.

JAURO: To ci gaba. Amma ka taka a hankali.

TICHA: Da Marokawa suka saki wuta, ƙarar bindiga da hayaƙi suka firgita shanun. Suka juyo a guje, suka bi ta kan mutanensu. Kafin rana ta yi sanyi, daular da ta mallaki Tumbuktu da Jenne ta karye.

MODU: Ka ji ko, bawana? Daula guda kakannin bijimin nan suka tattake.

JAURO: Aradu ƙarya ne.

TICHA: A rubuce yake fa. Malaman Tumbuktu...

JAURO: Cikin malaman akwai makiyayi?

TICHA: Ban ji ba.

JAURO: An tambayi shanun?

TICHA: Ta ina za a tambayi saniya?

JAURO: To ka ji. Shari'a da bakin mutum ɗaya. Ko alƙalin ƙauye ba ya haka, sai in ya karɓi goro.

MAI TSIRE: Tsaya, Ticha. Waɗanda harsashi ya samu, wa ya kwashe naman?

Ba wanda ya kula shi. Jauro ya ajiye kofi, ya ɗora sanda a wuya ya rataya hannuwa, alamar yau ba mai kwana da wuri.

JAURO: Da safen nan an kai su ruwa?

TICHA: Ga kogi nan kusa, ai...

JAURO: Ban ce akwai kogi ba. An kai su? An ba su kanwa? Kai da bakinka ka ce a kan gishiri ake yaƙin. Yaƙi a kan gishiri, nagge ba a ba ta ko lasa ɗaya ba, sannan a ce ta je ta mutu. Kai za ka je?

MAI SHAYI: Shi ai yana zuwa makaranta kullum ba a ba shi lasar ba.

JAURO: Shi ya sa nagge ta fi shi hankali. Kuma mai koro su, ya san sunayensu? Ya san wacce ce uwar garke? Ka tattaro na wannan ruga da na waccan, ba su taɓa kwana a mashekari ɗaya ba, ka sa wani bafade mai babbar riga a bayansu yana ihu. Hoɗijam! Ni da na je wurin, fito ɗaya zan yi, su bi ni har cikin tantin Judar ɗin.

MODU: Kai da ko ƙarar fashewar taya ba ka iya ji.

JAURO: Ni? Na yi sharo sau uku, bulala ta sauka, ina kallon madubi ina murmushi.

MODU: Bulala daban, bindiga daban. Mu Barebari mun san wannan tun kuna bin gindin saniya. A wannan zamanin da Ticha ke faɗa, Mai Idris Aloma, Sarkin Borno, yana da ƴan bindiga, Turkawa suka koyar da su. Da mu ne a Tondibi, Judar da raƙumansa sai dai labari. Faɗa masa, Ticha.

TICHA: Gaskiya ne, yana da su. Sai dai kuma shi Mai Idris ɗin ya tura jakada wurin wannan Almansur yana neman ƙarin makamai, aka ce masa sai dai in zai yi mubaya'a.

MODU: Wannan shafin ba ka karanta shi daidai ba. Hasken wurin nan ba shi da kyau.

JAURO: Da bindigar taku ai muka shiga Ngazargamu, babban birninku.

MODU: Shehu Laminu ya fito da ku ko takalmi ba ku tsaya ɗauka ba.

MAI SHAYI: Don Allah ku bar 1808 ta huta. Ran nan a kanta kuka fasa min kofi biyu.

TICHA: Jauro, ba shanunka kaɗai ba ne. Dabba a fagen fama haka take. Ka ga Hanibal na Kartej, a Zama, shekara 202 kafin haihuwar Annabi Isa, giwaye tamanin ya jera wa Rumawa. Sipiyo, janar ɗin Rumawa, ya sa aka busa ƙaho, ya kuma bar musu layi-layi a tsakanin sojojinsa. Wasu suka wuce ta layin kamar an buɗe musu ƙofa, wasu suka juya suka afka wa dawakin Hanibal.

JAURO: Giwa ai ba ta da tarbiyya. Wa ya taɓa tatsar ta? Kada ka ƙara haɗa min nagge da naman daji.

TICHA: To ga na shanun. A Janairun 1671, a Panama, Sifaniyawa suka koro garken bijimai kan ɗan fashin teku Henry Morgan da mutanensa. Aka harba bindiga, suka watse, waɗanda suka iso aka bindige.

MAI TSIRE: Alhamdulillahi. Wannan karon dai an ci naman ko?

TICHA: Ƴan fashin da yunwa suka iso, sun keto daji kwana da kwanaki. Kai ma ka ƙarasa lissafin.

MAI TSIRE: Babu yaji babu ƙuli. Asara.

JAURO: Shanun Turawa ne. Saniyar da ake tatsa da inji ina za ta san mutunci?

TICHA: A 1671 babu inji, Jauro.

JAURO: Halin ai tun kakanni ne.

(Mai karatu ya lura: zuwa yanzu Jauro ya wanke shanun Tondibi ta hanya uku, ko wacce tana ƙaryata ƴar'uwarta. Ba su gudu ba. Sun gudu amma ƙishirwa ce. Sun gudu amma laifin bafade ne. Bai gama ba.)

JAURO: Kuma ni ban yarda ma shanunmu ba ne. Gawo? Can ai na Buzaye ne, jajayen nan na Azawak. Farar bunaji ba ta ba da baya.

MODU: Ɗazu ka ce ba su yi laifi ba, yanzu kuma ba naku ba ne.

JAURO: Ba namu ba ne, kuma ba su yi laifi ba. Me ya yi zafi? Kai, ma tsaya. Wa ya ce gudu suka yi? Gida suka koma. Nagge ta duba ta ga wuta a gaba, ta duba ta ga mutanenta da sanda mai tsini, ta ce wannan ba yaƙi ba ne, ganganci ne, bari in je in gaya wa Sarki. Da saurin kai saƙon ne ta ɗan taka mutane.

TICHA: Ta ɗan taka.

JAURO: Shi Askiyan ya tsaya?

TICHA: A'a. Aka janye shi, ya tsallaka kogi. Waɗanda suka tsaya wasu dakaru ne da suka ajiye garkuwoyinsu a ƙasa suka zauna a kai, suka ce ba sa gudu. A nan aka karkashe su.

Teburin ya yi tsit na ɗan lokaci. Mai shayi ya rage wutar risho.

MAI SHAYI: Har gobe haka ne. Na ƙasa ya zauna a kan garkuwa, na sama ya tsallaka kogi.

MODU: Yanzu ba kogi ake tsallakawa ba, teku ne, wai duba lafiya.

TICHA: Daga baya Askiya ya nemi sulhu, ya yi tayin zinariya dubu ɗari da bayi dubu. Almansur ya ce bai isa ba, har ya sauke Judar don ya saurari tayin, ya turo Mahmud Basha.

JAURO: Zinariya dubu ɗari! Yana da ita a ajiye bai sayi bindiga ba, sai da aka ci shi ya fito da ita zai biya kuɗin fansa? Aradu na san irin mutanen nan. Shanuna goma sha bakwai aka kora shekarar bara waccan, na kai ƙara, aka ce in kawo kuɗin man mota. Sannan a rubuta a littafi wai nagge ce ta ka da daula.

Nan kam ba wanda ya yi dariya, har Modu. Ticha ya ga abin zai yi nauyi, ya yi maza ya sako wani.

TICHA: To bari in faranta maka. Akwai inda shanu suka ci yaƙi.

JAURO: Mai shayi, ba Ticha haɗin kauri. Da ƙwai biyu. A kaina.

TICHA: Hanibal ɗin nan dai, a 217 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka tsare masa mashiga a Italiya. Da dare ya kora shanu wajen dubu biyu kan tudu, masu gadin suka zaci runduna ce suka bi su, shi kuwa ya sulale ta mashigar. A ƙasar Sin kuma, a 279 kafin haihuwar Annabi Isa, wani janar Tiyan Dan da aka yi wa ƙawanya a garin Jimo ya saki shanu sama da dubu cikin dare kan sansanin maƙiya, da wuƙaƙe ɗaure a ƙahonninsu. Ya karya su, ya ƙwato garuruwa sama da saba'in.

JAURO: Ka ji! Modu, ka ji? Saba'in! Ku garuruwa nawa kifinku ya taɓa ƙwatowa? Ticha, me aka ba su suka yi wannan zuciya? Kanwa ko dusa?

TICHA: Wuta.

JAURO: Wace wuta?

TICHA: Na Hanibal, ƙirare aka ɗaura musu a ƙaho aka kunna. Na Sin kuwa, kara aka jiƙa da mai aka ɗaura a wutsiya aka cinna.

JAURO: A wutsiya.

TICHA: A wutsiya.

JAURO: Mai shayi, fasa ƙwan nan.

MAI SHAYI: Na riga na fasa.

JAURO: To mayar da shi. Allah ya isa tsakanina da Hanibal. Allah ya isa tsakanina da Tiyan wane ne. Garuruwa saba'in ɗin banza! Wutsiya ɗaya ta fi su.

MAI TSIRE: Amma fa gashi ne tun da ransu, ka ga an rage aikin...

JAURO: Kai kuma ka ƙara magana, gobe bijimin nan ko ninki biyu ka taya ba na sayar maka.

MODU: To yanzu wanne ka zaɓa, bawana? In sun gudu ka ce ƙarya, in sun ci yaƙi ka ce Allah ya isa.

JAURO: Na zaɓi a bar su su yi kiwo. Amma in an matsa, ga shi nan. Wannan ko igwar Judar aka harba a kunnensa, ko gezau. Halin mai shi ya ɗauko.

Daidai nan tayar wata tirela da ke wucewa ta fashe. Tau!

Mai tsire ya bar wuƙa a kan faranti ya yi gabas. Modu, jikan ƴan bindigar Mai Idris, ya shige ƙarƙashin tebur ya tarar Ticha ya riga shi. Jauro kuwa, mai sharo uku, takalminsa na roba ƙafa ɗaya kawai aka gani a bakin benci.

Da ƙura ta lafa, bijimi yana nan inda yake. Ya dai miƙa wuya iyakar igiya, ya jawo burodin da ke gefen tebur, yana ci har da ledar.

JAURO (daga cikin kwalbati): Kun gani? Ya motsa? Ticha, ka rubuta!

MODU: Shi bai motsa ba. Makiyayin fa?

JAURO: Abin da nake faɗa tun ɗazu ke nan. Laifin masu korowa ne.

MAI SHAYI: Burodi biyu manya, ƙwai biyu, haɗin kauri ɗaya. Jauro, fito ka biya.

JAURO: Rubuta a shafin Ticha. Shi ya kawo yaƙin.