A dawo da bututun mai, amma a fara nuna mana kundinsa

Duk lokacin da tankar mai ta kife ta ci rayuka, magana ɗaya ake komawa kanta a majalisun hira na Katsina da shirye-shiryen rediyo: a gyara bututu, a raba mu da tankokin nan. Haka aka yi bayan gobarar Majiya a jihar Jigawa cikin watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, yawancinsu sun je kwasar man da ya malale. Haka aka sake yi bayan ta mahaɗar Dikko a jihar Neja cikin Janairun 2025. Hukumar NMDPRA, wadda ke kula da sufuri da rarraba mai, ta hana tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga 1 ga Maris na 2025. Matakin ya rage girman kaya, amma nisan tafiyar yana nan. Man da muke sha a Ƙofar Ƙaura ko a Daura sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan mota daga bakin teku, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu.

Ina tare da masu wannan kira. Ƙasar nan tana da bututun tataccen mai da tsawonsa ya haura kilomita 5,000, kuma reshensa na Arewa ya tashi daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya bi ta Zariya ya nufi Kano da Gusau, wani kuma ya yi Jos da Gwambe har Maiduguri. Da yana aiki yadda aka tsara, da tankar da za ta kawo mai Katsina daga daffon Kano za ta ɗauko, tafiyar awa biyu zuwa uku. Inda na rabu da su shi ne yadda suke maganar bututu kamar abin da da an binne shi an huta. Bututu ma yana kisa, kuma idan ya tashi yi ba ya yin kaɗan. A garin Jesse na jihar Delta, a Oktoban 1998, sama da mutum 1,000 ne suka ƙone. A Abule Egba ta Legas, washegarin Kirsimeti na 2006, an rasa fiye da 200. A Ijegun kuwa, ita ma a Legas, a watan Mayu na 2008, katafilar aikin hanya ce ta fasa bututu kusa da makaranta.

A tsaya a kan wannan ta Ijegun. Ba ɓarawon mai ba ne ya jawo ta. Mai aikin hanya ne ya sa ƙarfe a inda bai kamata ba. Tambayar da ta dace a irin wannan ita ce: wa ke riƙe da taswirar inda bututun ya bi, wa ya nuna wa ɗan kwangila, akwai alama a wurin ko babu, kuma yaushe ne wani ma'aikaci ya taka ƙafa ya zagaya layin na ƙarshe? Duk amsoshin nan a takarda suke zama. Shi ya sa nake ganin babban aikin hukumar sa ido a kan bututu shi ne aikin da ba a ɗaukar hotonsa: duba kundi, jarraba ma'aikata, da cin tarar kamfanin da kundinsa ke da giɓi tun wuta ba ta tashi ba.

Bututun ƙarfe da ke cikin ƙasa ido ba ya ganinsa. Tsatsa tana cinsa daga waje inda fentin kariya ya ɓare, tana cinsa daga ciki inda ruwa ya kwanta. Ana rage wannan ta hanyar sakar masa ɗan ƙaramin lantarki da ke hana ƙarfen narkewa a ƙasa, ana kuma tura wata na'ura ta cikinsa tana tafiya da mai tana auna kaurin bangon. Awon shekara ɗaya ba ya faɗin komai shi kaɗai. Sai an ajiye na bara kusa da na bana ne injiniya zai ga cewa wuri kaza yana sirancewa, ya lissafta yawan shekarun da suka rage masa. Kundin bututu kamar katin asibiti ne: idan ya ɓace, likitan da ya gaji marar lafiya sai dai ya yi ta lalube.

Amurka ta koyi wannan da tsada. A watan Yuni na 1999 bututun fetur ya fashe a garin Bellingham na jihar Washinton, man ya bi rafi ya kama wuta, yara biyu 'yan shekara 10 da wani saurayi ɗan shekara 18 suka mutu. Bayan haka majalisarsu ta tsaurara doka a 2002. A yau hukumarsu mai suna PHMSA tana da ƙa'idoji da suka shiga har ƙananan abubuwa. Dole a zagaya layin bututun mai aƙalla sau 26 a shekara, kuma kada tsakanin zagaye biyu ya wuce mako 3. Dole a gwada manyan makullan layi sau biyu a shekara. Dole a auna lantarkin kariyar tsatsa kowace shekara. Duk ma'aikacin da zai taɓa aikin da ya shafi lafiyar bututu, ko na kamfani ne ko na ɗan kwangila, sai an jarraba shi a kan wannan aikin takamaimai, an rubuta ranar da aka jarraba shi da yadda aka yi. Idan sufeto ya zo ya ce a nuna masa takardar gwajin makulli kaza, kamfani ya ce ai mun yi, takardar ce ba mu gani ba, to a wajen hukuma ba a yi ba. Ana rubuta masa takardar tuhuma, a yanka tara, a kuma ɗora duka a intanet kowa ya karanta har da martanin kamfanin.

Duk da haka ba su tsira ba, kuma wannan ne ya fi ba ni darasi. A Yulin 2010 bututun ɗanyen mai na kamfanin Enbridge ya tsage kusa da garin Marshall a jihar Mishigan. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a ɗakin sa ido, amma ma'aikatan suka ɗauka wata 'yar matsala ce da suka saba gani. Sau biyu suna sake kunna injinan turawa. Sai bayan awa 17 aka gane abin da ke faruwa, shi ma wani ma'aikacin kamfanin gas ne da ke wurin ya kira. Kafin nan sama da lita miliyan 3 ta zuba, ta gangara kogin Kalamazoo, kuma mafi yawan man a lokacin sake kunnawar nan ya fita. Masu bincike sun gano cewa tun 2005 na'urar awo ta nuna tsagar, aka ba ta matsayin da bai kai girmanta ba. Wato bayani yana cikin kundi, na'ura ta yi aikinta, mutanen da ke karantawa ne horonsu ya gaza. Aikin share man ya ci fiye da dala biliyan 1.

To mu fa? Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai dokar bututun mai tun 1956. Akwai hukumar NOSDRA mai bin diddigin malalar mai tun 2006. Akwai sabuwar dokar masana'antar man fetur da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021, wadda ta rushe tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai ta DPR, ta kafa NUPRC mai kula da haƙar mai, da kuma NMDPRA. Abin da ɗan ƙasa ba ya iya gani cikin sauƙi shi ne sakamakon dubawa: layi kaza, an duba ranar kaza, an samu laifi kaza, an ci tara kaza, an biya ko ba a biya ba.

Akwai wani sashe a dokar 1956 da ya kamata kowane mai gona ya sani. Ta wajabta wa mai bututu biyan diyya ga wanda yoyo ko fashewa ta yi wa ɓarna, amma ta cire inda ɓarnar ta faru saboda mugun aikin wani na daban. Ma'ana, da zarar an rubuta cewa masu fasa bututu ne, kamfani ya kuɓuta daga diyya. Ba na musun cewa ana fasa bututu a ƙasar nan. Ana yi, da yawa, kuma shi ne babban abin da ya kashe layukan Arewa tare da mutuwar matatar Kaduna. Sai dai idan kalma ɗaya tana raba kamfani da biyan miliyoyi, kuma shi ne mai kayan awo, sau da yawa shi ne mai motar da za ta kai masu bincike wurin, to kowa ya san inda alƙalami zai karkata. Abin da zai raba gardama tsakanin hujin da zarto ya yi da wanda tsatsa ta yi shi ne tarihin awon wannan gaɓar ta bututu. Idan babu tarihin, manomi ba shi da hujja a gaban alƙali, shi kuma kamfani babu asarar da ya yi. Wanda ya ɓatar da kundin shi ke cin ribar ɓatansa, kuma hakan ba zai canza ba sai ranar da rashin kundin ya zama laifin da ake hukuntawa shi kaɗai.

Wani zai ce me ya haɗa Katsina da wannan, tunda ba mu da rijiyar mai. A watan Yuli na 2018 Nijeriya da Nijar sun sa hannu a kan yarjejeniyar janyo ɗanyen mai ta bututu daga Nijar zuwa matatar da aka ce za a gina a jihar nan, a yankin Mashi. Ba a gina ba, Nijar kuma ta shimfiɗa nata bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Binin. Amma matatar Damagaram tana nan kusa da mu, kuma irin wannan magana ba ta mutuwa, duk gwamnatin da ta zo sai ta kaɗe mata ƙura. Ko yau aka ce za a farfaɗo da layin Kaduna zuwa Kano da Gusau, ƙarfen da ya shekara fiye da 40 a ƙasa za a sake cika wa mai da ƙarfi, bayan ya daɗe a zaune. Tun ran gini tun ran zane.

Ƙasarmu kuma rairayi ce a mafi yawan arewacin jihar, kuma jama'a da rijiya da burtsatse suka dogara. Yoyon da ba ya kama wuta shi ne ya fi dacewa ya tsorata mu, don ba ya shiga labarai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya gano tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun mai, kuma sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900 a ruwan da mutane ke sha. A can akwai ruwan sama da ƙoramu. A Mashi ko Mai'aduwa, idan rijiyar gari ta gurɓata, ina za a je?

Na san abin da masu shakka za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare: mu ƙasar takarda ce, kowa na iya zama a ofis ya cike fom ɗin zagayen shekara guda a yini ɗaya, satifiket ɗin horo kuma ana samunsa bayan kwana biyu a otal da kuɗin zama. Ga matsalar tsaro. Wa zai tura ma'aikaci ya bi layi a ƙafa kowane mako 3 a dajin da ke tsakanin Funtuwa da Gusau? Amsar ta farko ita ce takardar ƙarya tana rayuwa ne a cikin durowa. Idan aka wallafa cewa an zagaya layin ƙauye kaza ranar Talata, dagacin ƙauyen da masu unguwanninsa sun san ko sun ga kowa. Na'urar ɗakin sa ido ma tana ajiye nata lissafin da sa'a da minti, kuma sufeton da ya san aikinsa zai haɗa biyun ya ga inda suka saɓa. Horo kuwa, a daina tambayar satifiket kawai. A tsayar da ma'aikaci gaban makulli a ce ya rufe, a kunna masa ƙararrawar gwaji a ga abin da zai yi. Ta biyun kuma, inda ba za a iya zagaya layi ba saboda 'yan bindiga, ko da jirgi marar matuƙi, to gaskiyar magana ba a shirya tura mai ta wurin ba, kuma gara hukuma ta faɗi haka a fili da a rubuta zagayen da ba a yi ba.

Horon bai tsaya kan ma'aikatan kamfani ba. 'Yan kwana-kwana na jiha, masu tuƙa katafila, masu haƙar burtsatse da masu yanka filaye a ƙananan hukumomi duk suna buƙatar sanin inda layi ya bi da lambar da za su kira. A Amurka lamba ɗaya ce, 811, ake kira kafin a haƙa rami. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina da Jami'ar Sufuri a Daura. Babu dalilin da zai sa a ce duk mai awon tsatsa ko walda da za a ɗauka sai an ɗauko shi daga Warri.

Wakilanmu a Majalisar Tarayya suna da abin yi tun yanzu, ba sai an kawo bututu ba. Su nemi NMDPRA ta riƙa wallafa sakamakon duba kowane layi da tarar da ta ci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan jarida damar neman haka a rubuce. Su kuma sake duba adadin tarar kanta. Dokar NOSDRA ta 2006 ta yanka naira 500,000 a kowace rana ga kamfanin da ya ƙi kai rahoton malalar mai cikin awa 24, da naira miliyan 1 ga wanda ya ƙi sharewa. A farashin da ake sayar da fetur yau a gidajen man Katsina, naira 500,000 ba ta sayen lita 1,000.