15 ga Disamba: Shehu Usmanu, Sarki Nero da Mai Hasumiyar Faris

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa mazauna Ikko.

Akwai wani saƙo da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp, daga Agege har Idi-Araba da Alaba Rago. Za a turo hoto, a sama an rubuta ranar wata, a ƙasa an jero sunayen manyan mutanen da aka haifa a wannan rana. Har nan ba laifi, tarihi ne, sanin tarihi kuwa alheri ne. A ƙarshen saƙon ne ake ɓoye dafin: wai masu wannan rana shugabanci a jininsu yake, wai kuɗi ba ya zama a hannunsu, wai aurensu da 'yan wata kaza ba ya ƙarko. Yaro yana zaune a kan buhun albasa a Mile 12 yana jiran mai saye, ya karanta, ya yi murmushi, ya tura wa mutum goma. Bai san ya je wurin mai duba ba, don mai duban ne ya biyo shi har cikin aljihu.

Bari mu ɗauki rana guda mu gwada maganar tasu. Ga 15 ga Disamba.

A wannan rana ce, a shekarar 1754, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, a Maratta ta ƙasar Gobir. Ranar Lahadi ce, ƙarshen watan Safar na 1168 bayan Hijira. Ya tashi a Degel, ya fara karatu a gaban mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, ya yi a wurin Usmanu Binduri, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umar. Yana da kusan shekara 20 ya fara wa'azi, yana zagaya Gobir da Zamfara da Kabi, yana karantar da mutane da Fulatanci da Hausa, maza da mata, lokacin da wasu malamai ke ganin zaman mata a majalisin karatu abin kunya ne. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami da Sallar layya, ya raba musu kyauta. Shehu ya ce shi ba ya bukatar dukiya, abu biyar yake roƙo: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana duk mai son amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ku duba da kyau, cikin biyar ɗin babu ko ɗaya da zai shiga aljihunsa. A watan Fabrairun 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka gwabza a Tafkin Kwatto a wannan shekarar, Alkalawa ta faɗi a 1808. Da ƙasa ta dawo hannunsa sai ya danƙa gudanar da ita ga ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa da rubutu, har ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu 1817.

A 15 ga Disamba ɗin dai, a shekara ta 37 Miladiyya, aka haifi Nero. Ya hau gadon sarautar Rum a shekara ta 54 yana ɗan shekara 16, kuma mahaifiyarsa Agrippina ce ta yi kutun-kutun har ya samu. Bayan shekara biyar ya sa aka kashe ta. A shekara ta 64 gobara ta cinye babban ɓangaren birnin Rum, ya ɗora wa Kiristoci laifin, aka yi ta kashe su da azaba iri-iri. A shekara ta 68 sojoji suka juya masa baya, majalisar dattawa ta ayyana shi maƙiyin ƙasa, ya kashe kansa yana da shekara 30.

Na uku Gustave Eiffel ne, injiniya Bafaranshe, an haife shi a Dijon a 1832. Kamfaninsa ya gina hasumiyar ƙarfen nan ta birnin Faris mai tsawon mita 300 a wancan lokacin, aka gama ta a 1889. Ya rasu a 1923 yana da shekara 91.

To, mai karanta taurari ya ce duk ukun burujinsu ɗaya, burujin Ƙausu, don haka halinsu ɗaya. Sai ya zo ya nuna mana inda mutumin da ya ƙi karɓar kyautar sarki ya haɗa hali da wanda ya kashe uwarsa a kan mulki. Ɗaya ya yi shekara 30, ɗaya 62, ɗaya 91. Tauraron nan da ya kasa daidaita ko da tsawon kwanansu, shi ne zai zaɓa miki miji, 'yar uwa?

Ita kanta kalmar "rana ɗaya" a takarda kawai take. Ranar Nero da tsohuwar kalandar Rumawa aka rubuta ta, wadda aka gyara a 1582, har aka tsallake kwana 10 a lokaci guda: mutane suka kwanta 4 ga Oktoba suka tashi 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, ita kuma kwana 11 ta zubar. In aka auna ranar Nero da kalandar da ke cikin wayarka yau, 13 ga Disamba za ta faɗa. Shi kuwa Shehu, mahaifiyarsa Hauwa'u ba ta san wani Disamba ba, Safar ta sani. Masu bincike ne daga baya suka juya lissafin. Kuma Safar ɗin nan shi ne watan da har yanzu wasu ke camfawa, ba sa ɗaura aure, ba sa tafiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan camfi da sunansa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya ce babu shu'umci, babu kuma Safar. A cikinsa Allah Ya kawo mujaddadin ƙasar Hausa.

Haɗa ranar haihuwa da wani ma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi lissafi. In mutum 23 suka taru, yiwuwar a sami biyu masu rana ɗaya ta ɗan haura rabi. Dalili shi ne ba kai kaɗai ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, mutum 23 kuwa in aka haɗa su bibbiyu sau 253 za a yi. In suka kai 57, yiwuwar ta kai kashi 99 cikin 100. In suka kai 367 ya zama dole, tunda kwanakin shekara ba sa wuce 366. Ke nan babbar motar bas ta BRT guda da ta cika daga Ikorodu da safe da wuya a rasa irin waɗannan biyun a cikinta, balle masallacin Juma'a a Agege. A kowace rana ana haifar jarirai sama da dubu 300 a duniya. Cikinsu akwai wanda zai haddace Alƙur'ani, akwai wanda zai tare hanya. Mu Hausawa ma mun daɗe da sanin haka: unguwa guda za ka sami Ɗanjuma biyar da Ladi uku, ba wanda ya taɓa cewa halinsu ɗaya.

Ga misali daga gida. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya yi gabas, har ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekarar. A wannan rana ta baƙin ciki aka haifi wani yaro a Dange. Da an kai wa mai camfi labari, da cewa zai yi yaron ya zo da baƙar ƙafa. Yaron shi ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gado a 1938, ya yi shekara 50 a kai, ya ga fitar Turawan a 1960, ya rasu a 1988. Nana Asma'u kuwa 'yar Shehu, da ɗan uwanta Hassan tagwaye ne, ciki ɗaya rana ɗaya, amma kowa da abin da aka rubuta masa. Ita ce ta rayu har 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis, wato matan da ke jagorantarsu, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

Hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Uba ne da ya binne ɗansa a ranar, amma bai bar maganar ta wuce ba. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In rana ba ta motsa don ɗan Annabi ba, taurari ba za su jeru don haihuwarka ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya ɗebi wani abu na ilimin taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri, kuma malamai sun bayyana cewa ana nufin da'awar sanin gaibu da su, ban da gane alƙibla ko lokacin damina. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Mai cewa "ai wasa nake yi, ban yarda ba" ya tambayi kansa: ranar da saƙon ya ce zai yi asara a makon nan, gabansa bai faɗi ba?

In ranar haihuwarka kake son amfana da ita, ga hanya. An tambayi Annabi game da azumin Litinin, ya ce rana ce da aka haife shi a cikinta, a cikinta kuma aka saukar masa da wahayi. Sannan ka san shekarunka na gaskiya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365, bambancin kusan kwana 11 ne, a duk shekara 33 sai ka ƙaru da shekara guda. Don juya shekara, cire 622 daga ta Miladiyya, ka ninka da 33, ka raba da 32. Gwada da 1754: saura 1132, ka ninka ka raba, za ka sami 1167 da ɗoriya, wato kana bakin 1168. Kuskuren shekara ɗaya yana yiwuwa, domin shekarun biyu ba rana ɗaya suke farawa ba. Shehu da muka ce ya yi 62, a lissafin wata 64 ya yi.

Wannan ba ƙwalisa ba ce, ibada ta rataya a kansa. Shekara 40 da Suratul Ahƙaf ta ambata a aya ta 15, tare da addu'ar godiya da neman shiryuwar zuriya, tana cika ne kana da shekara 38 da kusan wata 10 a katin shaidarka. Shekara 60 da hadisin Bukhari ya ce Allah Ya yanke hanzarin wanda Ya kai shi gare ta, tana riskarka kana 58 da 'yan watanni. Ɗan kasuwar da ke jiran Disamba ya fitar da zakka kuwa yana jinkirta haƙƙin talaka kwana 11 duk shekara, don shekarar zakka ta wata ce.

Masu jego, ga inda ake yawan kuskure. A lissafin Musulunci kwana yana farawa ne daga faɗuwar rana. Jaririn da aka haifa ranar Alhamis ƙarfe tara na dare, takardar asibiti za ta ce Alhamis, kuma daidai ne a tsarinsu, amma a wurinmu daren Juma'a ne, kwanan watan Hijira ya riga ya juya. Wajen ƙirga kwana bakwai na suna, a mazhabar Malikiyya ba a lissafa ranar haihuwa in an haihu bayan fitowar alfijir, shi ya sa wanda aka haifa Litinin da hantsi ake raɗa masa suna Litinin mai zuwa. Uba ya rubuta abu huɗu tun a ranar: sunan ranar, ƙarfe nawa, kwanan watan Miladiyya, da kwanan watan Hijira bisa sanarwar ganin wata ta Fadar Sarkin Musulmi, domin kalandar waya takan saɓa da ita da kwana ɗaya. Bayan suna a je a karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a duba harafin sunan da kwanan watan tun kafin a bar gaban teburin, don abin da aka rubuta a nan shi zai bi yaron zuwa makaranta da katin ɗan ƙasa da fasfon aikin Hajji.